Sayen hom tiyata da ƙaramin jari: a fara da akwati biyu

Idan kaka ta yi, aya da riɗi da wake suka cika kasuwannin Cadawa, Agye da Gazawa, kuɗi sukan ɗan zauna a hannun ɗan kasuwa. Ma'aikaci kuwa sai ranar da adashi ya zagayo kansa, ko aka biya shi wani tsohon bashin albashi. A irin wannan lokaci ne ido ke faɗawa kan kwalin nan mai hoton akwatunan sauti shida, wanda masu kanti ke kira hom tiyata, an rubuta masa 5.1 da wat dubu kaza da manyan baƙaƙe. Shawarar da za mu bayar a wannan mako ba za ta yi wa masu sayar da kwalin daɗi ba: wanda kuɗinsa ba su da yawa, ya sayi akwati biyu nagari da ampili, ya bar sauran huɗun sai Allah ya hore.

Abin da 5.1 ke nufi shi ne hanyoyin sauti shida, kowace da nata aiki. Biyu a gaba, hagu da dama, su ke ɗauke da kiɗa da yawancin motsi. Ɗaya a tsakiya, ƙarƙashin talabijin, ita ke fitar da maganar ƴan wasa. Biyu a gefen mai kallo, don ruwan sama, hayaniyar kasuwa ko motar da ta wuce. Sai babban akwatin da ake kira wufa, mai rugugi kamar na hadari, shi ne ɗigo ɗayan nan. Tsarin daga gidajen silima ya fito. Kamfanin Dolby ya kai irinsa na gida kasuwa a 1982, ya gyara shi a 1987 da sunan Pro Logic, sa'an nan a 1992 aka nuna fim na farko mai Dolby Digital, inda hanyoyin shida suke rabe tun daga wurin ɗauka. Faifan DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, shi ya shigar da wannan cikin falon mutane.

To, a nan gizo ke saƙar. Akwati shida ba su haifar da hanya shida. Sai in mai fim ya ɗauki sautin a rabe, abin da ke juya fim ɗin ya aiko shi a rabe, ampili kuma ya iya karanta shi. Mu dubi abin da ake kallo a gidajenmu daga Gangara zuwa Tsibiri: labarun Télé Sahel, kokowar takobi, wa'azi, waƙoƙi, finafinan Kano da fassarar Indiya da ake turawa cikin memori a bakin tasha, da abin da yara ke saukowa daga YouTube. Galibin wannan duka hanya biyu ne, wani ma hanya ɗaya. Bluetooth ɗin da ake haɗa salula da shi hanya biyu kaɗai yake ɗauka. Abin da ƙaramin hom tiyata ke yi shi ne ya kwafi waɗannan biyun ya watsa su cikin akwati biyar, sai ka ji mai karanta labarai yana magana daga gabanka da bayan ƙeyarka lokaci guda, kamar mai shela a fage. Ƙara ta ƙaru, amma magana ta dagule, tsoho kuma ya dinga tambaya me aka ce.

Gane na gaske ba shi da wuya. Ka ce a juyo maka bayan ampili. Idan ramukan shiga ba su wuce ja da fari ba, da wurin memori da eriyar rediyo, to hanya biyu ce aka yi wa ado, ko me aka rubuta a kwali. Na gaske yana da ramin HDMI, ko ƙaramin rami mai murfi na wayar haske da ake rubuta wa optical, da tambarin Dolby Digital ko DTS a gaba. Wasu tsofaffi kuma suna da ramuka shida, kowace hanya da nata. Talabijin ɗinka ma sai yana da ramin da zai fitar da sautin, ko na hasken, ko HDMI mai alamar ARC, wanda ya shigo a 2009.

Sai zancen wat, wanda a nan aka fi cutar mai saye. Lambar da ke tafe da haruffan PMPO ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja ido. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. In ba a rubuta ta ba, akwai shaidar da ba ta ƙarya: ƴar takardar da ke manne kusa da wayar wuta, inda aka faɗi abin da na'urar ke ci. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a fitar da buhu ɗari daga rumbun da aka zuba wa buhu biyu. Na'urar da ke shan wat 60 daga bango ba ta da inda za ta samo wat 3000 ta ba kunnenka. Kuma ko wat ɗin na gaskiya ne, ba shi da tasirin da ake zato: ninka shi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji ɗan kaɗan, kuma kafin mutum ya ce ƙara ta ninka sai an ninka wat wajen sau 10. Falo mai mita 4 da mita 5, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane gefe sun ishe shi har maƙwabci ya aiko yaro.

Saboda haka lissafin a fili yake. Kuɗin da aka raba wa akwati shida, da ampili, da rimot, da fitilu masu walƙiya, kowane akwati ɗan abin da zai samu bai taka kara ya karya ba: robar da ke kaɗawa, da sifika mai faɗin bakin kofin shayi. Waɗannan kuɗin in an zuba su kan akwati biyu na katako, kowane da babbar sifika ta ƙasa da ƙarama ta sama, murya za ta fito da jikinta, kalangu ya fito kalangu, gurmi ya fito gurmi. In an jera su daidai, kunne da kansa zai ji maganar tana fitowa daga tsakiyar allo, alhali babu akwati a wurin. Mai jika 100, a ganinmu, ya sa wajen 50 a akwatuna, 30 a ampili, sauran 20 a regilatar da waya da kuɗin mota. In wata kakar ta yi kyau ya ƙara wufa, ko akwatin tsakiya in iyali suna da yawa har wasu na zama a gefe. Na baya su ne na ƙarshe, kuma sai ga mai kallon finafinan da aka yi da su. Wanda ke da niyyar kai wa can, tun farko ya nemi ampili mai hanya biyar, ko da na hannu ne, ya fara amfani da biyu.

Ranar saye kada ka yarda mai kanti ya zaɓa maka abin da za a saurara, domin waƙar da ya sani mai rugugi zai sa, ya murɗe har ƙarshe, rugugi kuwa yana rufe aibi. Ka tafi da memorinka, da muryar wani da ka saba ji yana magana, da waƙa mai kayan kiɗa kaɗan. A sa a matsakaicin ƙarfi, ka ja da baya taku uku. A wannan ciniki ji ne ya kori gani. Ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, domin nauyin na maganaɗisu ne da katako. Ka ƙwanƙwasa gefensa, in ya amsa kamar gwangwani ka ajiye.

Kayan hannu, waɗanda har yau ake kira ƴan Kwatano ko ta wace hanya suka shigo, sau da yawa sun fi sabon kwali mai araha, amma suna da nasu tarko. Wutarmu bolt 220 ce. Kayan Turai sun dace da ita. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, ka soka su kai tsaye sai hayaƙi. Ka cire ragar gaba ka duba zoben soso da ke kewaye da bakin sifika, domin zafi na cinye shi har ya marmashe a yatsa. Ka tura tsakiyar a hankali: in ka ji tana gurzar wani abu, an taɓa ƙona ta. Ka kuma duba lambar om a bayan akwati, 4, 6 ko 8, kada ta gaza abin da aka rubuta a ampili. Masu haɗa akwati uku a rami guda don biki su ne kullum a layin mai gyara. Game da tsallakawa Katsina ko Kano kuwa, tun faɗuwar naira a 2023 farashin can kan yi wa mai sefa kyau a ido, sai dai a haɗa da kuɗin mota da na duwan, a kuma tuna cewa abin da aka saya a Maraɗi ana iya mayar da shi gobe da safe.

Ba mu sa regilatar cikin lissafi don ado ba. Wutar wannan yanki daga Katsina take shigowa ta babban layin kilobolt 132 da ke sauka a Gazawa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma kowa na tune da yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, sai a Maris na 2024 aka maido. Ɗaukewar wuta ba ta kashe ampili kamar dawowarta da ƙarfi, ko janareto mai hawa da sauka. Da an ɗauke a zare waya, da hadari ya taso a zare har ta eriya. Masu sola da batir su ma su dubi takardar nan ta baya, domin babban ampili na iya shanye batir kafin a tashi wasan ƙwallo. A lokacin hunturu a rufe na'ura da ƙyalle in tana kashe, a buɗe ta in tana aiki, don ta ramukan sama take fitar da zafi.

Jeri kuma kyauta ne, amma ya fi wat ɗari amfani. Ka ɗauka kana zaune tsakiyar agogon bango, talabijin yana kan ƙarfe 12. Akwatin hagu ya zauna kan 11, na dama kan 1, daidai tsayin kunnenka in kana zaune, nisansu da juna kamar nisanka da kowannensu. In na baya sun zo, wurinsu wajen ƙarfe 8 da ƙarfe 4, sama da kai kaɗan. Jar waya ta shiga jan rami a duka ɓangarorin, in aka juya ɗaya sai rugugi ya ɓace, a zargi akwati a banza. Wayar jan ƙarfe ta wutar gida mai kaurin 1,5 ta wadatar, ba sai mai tsada ba.

Falon siminti mai karo a ƙasa da kwano a sama yana mayar da amo, magana ta dinga cin karo da kanta. Kafet, labule mai kauri da kujerun kushin suna kwantar da shi. Ɗakin ƙasa mai azara, wanda wasu ke jin kunyar sa wa kayan zamani, sau da yawa ya fi shi daɗin sauraro. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, a Gidan Rumji ko a Agye ba mai zama falo da dare: talabijin tsakar gida yake fitowa, a shimfiɗa tabarmi. A can babu bangon da zai riƙe rugugin wufa, babu inda za a rataya na baya, wayoyinsu kuma sai su harɗe ƙafar yara da awaki. Akwati biyu ne yaro zai ɗauko ya ajiye hagu da dama, in an tashi kallo ya mayar da su ɗaki kafin raɓa da ƙura su same su.