Fuskar Sarki a Gilashi, Fuskar Sarki a Sule

James Tassie, ɗan Sikotlan da ya rayu daga 1735 zuwa 1799, ya yi suna da wata sana'a mai wuyar sha'ani. Yakan sassaƙa fuskar mutum da kakin zuma, ta gefe guda, ya yi mata mazubi, sannan ya zuba narkakken farin gilashi. Abin da ke fitowa ɗan faifai ne da bai cika tafin hannu ba, fuskar ta taso kamar tambari. Sarauta da malamai, har da masanin tattalin arziki Adam Smith, duk sun bi ta hannunsa.

Gilashi ba zinariya ba ne. Abin da ya sa kayan Tassie ke da daraja har yau shi ne rubutu: a 1791 Rudolf Raspe ya wallafa kundin da ya lissafa zubi kusan 15,800 na shagon, kowanne da lambarsa. Mai saye yana da inda zai duba.

Fuskar sarautar Ingila ta shigo Kano a ƙarfe. Sulallan azurfa na 1913 suna ɗauke da kan Sarki Joji na Biyar, yayin da kwabo da anini masu huji suna kawai suka ɗauka. A 1920 aka ƙirƙiro lambar girma ta musamman domin sarakunan ƙasashen da Ingila ke mulka, ita ma da fuskarsa. Abin lura ne: ƙasar da sarkinta ke rufe baki da amawali, ake adana shi da kirari, sai ga fuskar baƙo tana yawo a aljihun kowa.

Ragowar waɗannan kaya na cikin adakar tsofaffi, a gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa, inda zuri'ar ma'aikatan En'e da fatake suka bazu. Ranar rabon gado ake ƙiyasta su da nauyi, su wuce Kurmi ko wurin maƙeran farfaru. Wasu na ganin tarkacen mulkin mallaka ne, a narka a huta. Kuskure ne. Lambar da aka rataya wa wani hakimi shaida ce ta yadda Turawa suka sayi biyayya, kuma shaida ba ta buƙatar a ƙaunace ta.

Abin da ya dace Gidan Makama ya yi ba saye ba ne, rajista ce: magada su kawo, a ɗauki hoto, a rubuta wa aka ba, a wace shekara, bisa wane aiki, su koma gida da kayansu. Tsofaffin da suka san amsoshin nan yawancinsu sun haura tamanin.