Shekara 30 Alau Ta Ba Mu

Kada wanda ya sake ce mini ambaliyar Maiduguri ba-zata ce. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji wannan magana.

Wayewar garin 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya afka wa gari mutane suna barci. Gwange, Fori, babbar kasuwa, fadar Shehun Borno, har asibitin koyarwa na jami'a, ruwa bai bar ko ɗaya ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi da aka rufe sai da aka sake buɗe shi.

To, wannan madatsar da aka kammala a 1986 ta taɓa yi wa Maiduguri irin wannan ɓarna a 1994. Shekara 30 cif ta ba mu tsakani. Yaron da uwarsa ta goya ta tsere da shi a ambaliyar farko, shi ne magidancin da ya saɓa nasa ɗan a wuya, ruwa har ƙirji, yana laluben hanya a cikin duhu. Rani 30 ya zo ya wuce, lokacin da ruwa ke ja baya, a ga tsaga ƙuru-ƙuru, a yashe laka, a ɗinke bango. Me muka saba ji daga bakin hukuma a ƙasar nan? Za a duba. An kafa kwamiti. Sai an saki kuɗi.

Kuɗin kuwa sun fito. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar, bayan an riga an yi jana'iza.

Na yi imani da ƙaddara, amma ba zan yarda a lulluɓe sakaci da ita ba. Allah ne ke saukar da ruwa. Wanda ya ga bango ya tsage ya ce a bari sai baɗi, mutum ne, yana da suna, yana karɓar albashi.

Mu ma da namu laifin. Leƙa kwatar ƙofar gidanka: ledar fiya-wata da robobi sun toshe ta tun bara. Ka ce sai bayan Sallah, Sallah ta wuce ka ce sai an yi albashi. Ga hadari nan yana haɗuwa a gabas, shebur ɗin kuma yana jingine a zaure.