ZANCEN ZAURE: Wanda Ƙarfinsa Ya Ƙare, Wa Ke Riƙe Da Shi?

Zancenmu na wannan fitowa a kan mutanenmu ne waɗanda ba su iya fita neman abinci, watau tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da makafi, da guragu, da waɗanda shanyewar jiki ta kwantar, da masu taɓin hankali. Da wuya mutum ya shiga gida uku a Nima, ko Sabon Zango, ko zangon Kumasi, bai iske ɗaya daga cikinsu ba. Za mu duba abin da Gwamnatin Gana ta tanada musu, da inda tanadin ya gaza, da gyaran da ya kamata mu nema, sa'an nan da abin da ke wuyanmu mu kanmu.

Kakanninmu da suka zo fataucin goro ta Salaga, suka zauna a Kumasi da Ankara, suna da nasu tsari. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo; in ya kwanta ciwo shi ke jinyarsa, in ya rasu shi ke sayen likkafani. Makafi da guragu suna da sarakunansu, ana raba zakka, ana sadakar Juma'a, mata suna zubin adashi, wanda nan ake ce wa susu. Amma gidajen nan na da galibi sun koma na haya, mutum shida cikin ɗaki guda, samari kuwa wasu sun bi hanyar Libiya. Maigidan yau, kansa ma da ƙyar yake riƙewa. Don haka tilas mu san ƙofofin Gwamnati, mu san yadda ake buga su.

Ƙofa ta farko ita ce ta ma'aikata. Tun 1965, zamanin Nkrumah, aka yi dokar ajiya domin masu aikin albashi. A 1972 aka kafa hukumar SSNIT, a 1991 aka mai da ajiyar ta zama fensho na wata-wata, sa'an nan a 2008 aka yi sabuwar dokar fensho. Bisa ga dokar nan ana cire kashi 5.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 13. Wanda ya yi zubi na wata 180, watau shekara 15, in ya kai shekara 60 sai ya shiga karɓar fensho. Akwai kuma wani abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: in ciwo ko haɗari ya naƙasa mutum har ba zai ƙara iya aiki ba, ko bai kai shekarun fensho ba ana ba shi fenshon naƙasa, muddin ya yi zubin wata 12 cikin wata 36 na kafin naƙasar, kuma taron likitoci ya tabbatar.

To, amma fa mu nawa ne masu albashi? Mutumin zango mahauci ne, ko tela, ko direba, ko ɗan dako, ko mai sayar da goro. Matanmu kuwa wake da shinkafa da koko da ƙosai suke sayarwa. Babu mai cire musu kome a ƙarshen wata. Mahauci ya yi shekara talatin yana yanka yana biyan kuɗin kasuwa, ran da hawan jini ya kā da shi, ran nan cinikinsa ya tsaya, ba shi da ko sisi a littafin kowa.

Ƙofa ta biyu ita ce shirin nan da ake kira LEAP, wanda aka fara a 2008, zamanin Kufuor. Kuɗi ne ake ba gidajen da talauci ya yi musu katutu, in akwai tsoho mai shekara 65 wanda ba shi da mai riƙe shi, ko naƙasasshen da ba ya iya aiki, ko marayu, ko mace mai ciki, ko mai goyon jariri. Ana biya sau ɗaya cikin wata biyu. A 2015 gida mai mutum ɗaya sidi 64 yake karɓa, gida mai mutum huɗu ko fiye sidi 106. Haka kuɗin nan ya tsaya shekara takwas, alhali kuwa tsadar kaya ba ta tsaya ba, har a Disamba ta 2022 farashi ya fi na bara da sama da kashi 50 cikin 100. Sai a 2023 aka ninka shi, aka sake ninkawa a 2024, ya zama sidi 256 zuwa 424. Mai karatu ya raba 256 na 2024 a kan kwana 60, zai ga a lokacin sidi huɗu ne da 'yan kai kowace rana. A Ankara wannan ba ya ciyad da mutum, balle magani da kuɗin ɗaki. Sau da dama kuma biyan yakan yi jinkiri, shi kuwa ciki ba a ba shi haƙuri.

Ƙofa ta uku tana majalisun gunduma. Cikin kuɗin da Gwamnati ke raba wa majalisun nan an ware wa naƙasassu kashi 2 cikin 100, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 3. Da shi ake saya wa mutum keken guragu, ko keken ɗinki, ko firiji na sayar da ruwan sanyi, ko a biya wa yaro kuɗin makaranta. Wannan ba ya zuwa gida da kansa, sai an rubuta takarda an kai ofishin jin daɗin jama'a na gunduma. Har wa yau akwai katin asibiti na inshorar lafiya, wadda aka yi dokarta a 2003, aka kuma yafe kuɗin zubi ga yara ƙasa da shekara 18, da tsofaffi masu shekara 70, da masu ciki, da matalauta, da masu karɓar LEAP.

Gyaran da muke roƙo guda huɗu ne. Na farko, a ɗaure kuɗin LEAP da farashin abinci cikin doka, kowace shekara ya hau kamar yadda masara da shinkafa suka hau, a kuma sa masa ranar biya wadda ba ta motsi, kamar ta albashi. Abin da aka bari ga ganin damar kowace gwamnati, wata rana sai a manta da shi, kamar yadda aka manta daga 2015 zuwa 2023.

Na biyu, a gyara yadda ake gane matalauci. Masu ƙidaya sukan zo da tambayoyi a kan gini da rufi da wuta da kayan ɗaki. A ƙauye wannan awo yana da amfani. A zango kuwa tsohuwa tana kwana cikin gidan siminti mai rufin kwano da lantarki, alhali ɗakin aro ne, abincinta kuma sai maƙwabta sun miƙo. A takarda ta fi manomin ƙauye, a cikin tukunya kuwa shi ya fi ta. Ya kamata a duba abin da ke shiga hannun mutum, a kuma tambayi limamin unguwa da magajiya da sarkin zango, gama su suka san wanda ya kwana da yunwa.

Na uku, a daidaita shekaru. Ana sallamar ma'aikaci a 60, LEAP ba ya kallon tsoho sai 65, yafewar katin asibiti ta tsufa kuwa sai 70. Ɗan dakon da bayansa ya lalace yana da shekara 58, wace ƙofa zai bi? Rashin ƙarfi ba ya jiran shekara. In likita ya tabbatar mutum ba ya iya aiki, shaidar nan kaɗai ta isa ta buɗe masa ƙofofin duka, ba sai ya yi ta zagaya ofisoshi da sanda ba.

Na huɗu, a bambanta wanda ba ya iya aiki da wanda aka hana shi aiki. Makaho da gurgu da kurma da yawa suna da hannu da hankali. Akwai makarantar makafi a Akropong da Wa, kuma an ga waɗanda suka fito suka zama malaman makaranta. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba masu gine-ginen jama'a shekara goma su gyara ƙofofi da matakala yadda gurgu zai shiga. Wa'adin ya cika a 2016, ga benaye nan da yawa yadda suke. A 1969 an yi dokar hana bara. Hana mutum miƙa hannu, ba a buɗe masa wurin sana'a ba, wannan ai ɗaure shi ne a ce ya yi gudu. Kuma wanda aka ba jarin sana'a, kada a yanke masa taimako nan da nan, sai ƙafarsa ta kafu.

Mun ji wasu na cewa kuɗin kyauta yana koya wa mutane lalaci. Sidi huɗu a rana, irin na 2024, ba ya sa mai lafiya ya ajiye sana'arsa. Wasu dattawanmu kuma suna ganin abin kunya ne a rubuta sunansu cikin matalauta. Baba, ku yi haƙuri, wannan ba bara ba ce. Duk wanda ya sayi sabulu ko sukari a kanti ya biya haraji, har da kashi 2.5 na inshorar lafiya. Abin da kuka zuba ne ake mayar muku da kaɗan daga ciki.

Akwai kuma wani tsoro wanda muka san asalinsa. Tun da Gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi a Nuwamba ta 1969, aka ba mutane sati biyu su fita, tsofaffinmu ba su son ganin mai takarda da alƙalami a ƙofar gida. Har yanzu ɗan zango yakan je neman Katin Gana a yi ta tambayarsa garin kakansa saboda sunansa. Amma wanda ya ɓuya ranar ƙidaya, ranar rabo ba za a kira shi ba. Wanda aka haifi kakansa a nan, ya fito da takardunsa ya tsaya a kan hakkinsa.

Saura namu. Kowane masallacin unguwa ya sami littafi, a rubuta masu rauni na unguwar, a ga wa ke da katin asibiti, wa ba shi da shi. Samarinmu masu ilmin boko su ɗauki rana guda cikin wata su raka tsofaffi ofis, su rubuta musu takardun neman kason naƙasassu. Masu sana'ar kansu su sani tun 2023 SSNIT ta himmatu ga rubuta irinsu, mutum ya faɗi abin da yake samu a wata ya zuba kashi 13.5; amma ba a karɓar sabon shiga in ya wuce shekara 45, don haka sarakunan pawa da shugabannin direbobi da teloli su tura yaransu tun da wuri. Attajiranmu su haɗa wani abu daga zakkarsu wuri guda a hannun amintattu, a riƙa ba mutum abin da zai kafa sana'a, maimakon a tara mutane a ƙofar gida ana raba sidi biyar biyar. Masu gina masallatai kuma su bar hanyar da keken gurgu zai shiga, kada mu zargi Gwamnati da abin da mu ma muke yi.

Mai ƙarfin yau shi ne tsohon gobe, in Allah ya ba da rai. A karanta wannan takarda ga waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma kai zancen gaban ɗan majalisar unguwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai fitowa mai zuwa.

Naku,
Mai Zaure