Waƙar da Ba Ta da Kwafi Biyu

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023, aka wawashe Kasuwar Libiya ta Omdurman, ana ta lissafin asarar haja, amma ban ji mai lissafin takarda ba. Baitocin marigayi Mahjub Sharif, wanda ya rasu a 2014, sun tsira, domin Muhammad Wardi ya rera su, sun zauna a bakunan jama'a. Tausayina yana ga ƙaramin sha'iri, musamman cikin Hausawan Sudan, wanda ya buga ɗan littafinsa da kuɗin aljihunsa, ko ya bar shi da ajami cikin akwati. Duk mai irin wannan a gida, don Allah ya ɗauki hotonsa shafi-shafi, ya aika wa dangi a Maradi ko Kano.