Mu Daina Ƙona Abincin Ƙasa

Duk ranar da aka yi shara a makarantar nan, ƙarshenta ɗaya ne: a tara ganyen darbejiya da busasshiyar ciyawa a bayan azuzuwa, a ƙyasta ashana. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin asara ce, kuma littafinmu na darasin aikin gona shi ne shaidarmu.

An koya mana cewa ƙasa mai kyau kashi 45 cikin ɗari ɓarɓashin dutse ce, ruwa da iska kowanne kusan kashi 25, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi kuwa kashi 5 kacal. Ɓarɓashin dutsen ba aikin ɗan Adam ba ne. Rana ta gasa dutse, sanyin dare ya tsuke shi har ya tsage, ruwa da saiwa su bi tsagar, sannu a hankali ya koma tsakuwa, rairayi, yumɓu. Kafin a samu ƙasa mai kaurin ɗan yatsa sai an shafe ɗaruruwan shekaru. Hunturu ma yana ƙara tasa, wato ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda muke gogewa daga tebur muna tsaki.

Kashi biyar ɗin nan ne kaɗai a hannunmu. Yawancin gonaki daga Kankia zuwa Kusada jigawa ne, ruwa na sauka ya zarce ƙasa, kuma ruɓin ganye ne ke riƙe wa gero danshi. Iyayenmu sun san haka ba tare da allo ba. Shi ya sa suke ɗora wa jaki mangalar taki da bazara, shi ya sa ba sa sare gawo, don geron gindinsa ya fi kyau. Mu kuwa da muka iya rubuta naitirojin a jarrabawa, mu ne ke tura shi sama cikin hayaƙi, a bar mu da toka.

Wasu za su ce tarin ganye matattarar kunama da maciji ce. Haka ne, idan aka bar shi a fili. To a haƙa rami, a ware leda, a zuba ganyen, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa, sauran aikin na gara da ƙananan halittu ne.

Muna roƙon malamin aikin gona da shugabannin ɗalibai su ba kowane aji raminsa a wannan zangon. Da damina a zuba takin a rabin gonar makaranta, a bar ɗaya rabin haka nan, mu je mu gwada tsayin dawar da kanmu.