Bayan bakaloriya, wa zai nuna wa ɗalibai hanya?

Kowace shekara, da an bayyana sakamakon jarrabawar bakaloriya, gidaje kan cika da guɗa da barka. Amma kafin mako ya zagayo sai tambaya ta taso: wane karatu yaro zai shiga, a wane gari, kuma wane aiki ke jiransa a ƙarshe? A makarantun lise da yawa na ƙasar Nijar, babu wanda aka keɓe domin amsa wannan tambaya. Malami yana fama da ajin da ya cika maƙil, shugaban makaranta yana fama da takardu. Abin da ɗalibi kan samu bai wuce takardar cikewa da sanarwa a jikin bango ba.

Saboda haka uwaye suka shiga neman shawara a waje. Wani ya je wajen ɗan'uwansa ma'aikacin gwamnati, wani ya bi tallan makarantun kuɗi a rediyo, wani kuma ya biya masu nema wa yara gurbin karatu a ƙasashen waje. Babu laifi ga uban da ya yi haka, gama matambayi ba ya ɓata. Sai dai mai ɗan'uwa a birni ko mai kuɗi a aljihu shi ke samun amsa. Manomin Dakwaro ko makiyayin Abalak, wanda ɗansa ne farkon mai bakaloriya a zuriyarsu, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Zaɓen kansa ya fi na da wuya. Jami'ar Yamai, wadda aka soma a 1971, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa; a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ga Jami'ar Musulunci ta Sayi, ga makarantar EMIG mai horon injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, ga makarantar raya karkara ta Kollo. Kowace da fannoninta da sharuɗɗanta.

Babban abin da uwaye da yawa ba su sani ba shi ne: ba ranar bakaloriya ake zaɓen hanya ba. Tun bayan jarrabawar BEPC, yaro yana da shekara 15 ko 16, ake raba ɗalibai tsakanin sashen adabi da na kimiyya, har su ƙare da bakaloriya A, C ko D. Wanda ya bi sashen A, ƙofar karatun likita da na injiniya ta rufe masa. Uban da ya zo neman shawara bayan shekara 3 ya zo a makare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Ɗalibi ya bi abokansa zuwa fannin da bai dace da shi ba, ya maimaita aji, ya bari. Uba ya sayar da hatsi da bisashe ya biya makaranta, daga baya ya ji takardar shaidarta ba ta da karɓuwa, alhali akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai tantance takardun ilimi mai zurfi. Yarinya mai hazaƙa ta zauna gida domin ba wanda ya bayyana wa mahaifinta inda za ta sauka da yadda za ta rayu. Ƙasa ce ke yin hasarar likita da malami.

Maganin bai fi ƙarfin hukuma ba. Ya kamata a horar da malami ɗaya ko biyu a kowace lise, a rage musu awoyin koyarwa, su riƙe aikin jagora. A kira taron uwaye sau 2 a shekara, tun daga ajin BEPC, a yi bayani da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. A buga ɗan littafi cikin harsunan ƙasa mai nuna kowace makaranta, irin bakaloriyar da take karɓa, tsawon karatu, kuɗin da ake biya, da sharuɗɗan samun tallafin hukumar ANAB. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci za su karanta wa maƙwabtansu. A gayyato likitoci, malaman gona da tsofaffin ɗalibai su faɗi gaskiyar aikinsu gaban yara.

Ƙungiyoyin uwayen ɗalibai su ma da nasu aikin: su nemi wannan daga shugabannin makarantu tun farkon shekara, kada kowa ya tsaya neman mafitar ɗansa kaɗai. Makarantar da ta ɗauki yaro shekara 3, wajibi ne ta nuna masa inda zai dosa, ko ɗan wane ne.