Kada a yanka filaye bisa ruwan Gulbin Maraɗi

Ƴan uwa manoma, a kwarin Gulbin Maraɗi ruwa yana kusa. Da rani ma, in aka gina ƴan mitoci kaɗan cikin yashi sai a tarad da shi. Wannan kusanci shi ne arzikinmu, amma ta nan ne kuma ɓarna take shiga. Yashi ba ya tare ƙazanta kamar yumɓu. Abin da ya tsiyaye daga salga, da rarar takin zamani, da maganin ƙwarin da ake wanke gwangwaninsa a bakin rijiyar garka, duk ƙasa suke nufa.

Ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da cuta. Mutanen Tibiri sun ga haka: rijiyar burtsatsen da aka soma sha a 1985 ta zo da sinadarin fuliyo mai yawa, yara da dama haƙoransu suka dafe, ƙafafunsu suka tanƙware. Wancan daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito. Na gulbi kuwa mu ne muke zuba shi da hannunmu.

A ganina, bai kamata ma'aikatun magajin gari su yanka filayen gidaje cikin kwari ba, ko nawa za a biya, domin kowane gida da salgarsa yake zuwa. A karkara kuma, a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, salgar tana ta gangare. Kwamitin rijiya ya nemi ma'aikatan ruwa su auna ruwan bayan kowace damina.